Kashi 500 ɗin nan da ake ta faɗa: me ke cikin ƙudurin takunkumin da sanatocin Amurka suka rubuta wa Rasha

Majalisar dattawan Amurka kujeru 100 ne, kuma mutanen nan ba su cika haɗuwa a kan komai ba, ko kasafin kuɗin da za a biya ma'aikata albashi sai sun kai ruwa rana a kansa har a rufe ofisoshin gwamnati. To amma ga wani ƙudurin doka da sanatoci sama da 80 suka sa sunansu a jiki, 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat duka, sannan shekarar 2025 ta zo ta wuce ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa ba. Duk wanda ya ji labarin sama-sama zai ce to me ake jira, ai ko da shugaban ƙasa ya hau kujerar na-ƙi sanata 67 kawai ake nema a dattawa a take shi, ga shi kuma suna da fiye da haka. Amsar tana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri da ni.

Ƙudurin dai Lindsey Graham ne ɗan Rifablikan da Richard Blumenthal ɗan Dimokurat suka gabatar da shi a watan Afrilun 2025, kuma an kai irinsa majalisar wakilai. Abin da ya ce a taƙaice shi ne shugaban ƙasa ya riƙa dubawa lokaci-lokaci ko Rasha ta ƙi zama teburin sulhu da Yukren, ko an yi yarjejeniya ta karya, ko ta sake kai wata mamayar, ko tana neman kifar da gwamnatin Yukren. In ya samu ɗaya daga ciki to sai takunkumi ya sauka, a kan manyan jami'an gwamnati, a kan manyan bankunan Rasha, a hana Amurkawa zuba jari a harkar makamashinta, da sauransu. Duk waɗannan ba sabon abu ba ne, an yi kusan irinsu tun 2022. Sabon abun, wanda ya sa sunan ƙudurin ya zagaya duniya, shi ne harajin aƙalla kashi 500 cikin 100 a kan kayan duk ƙasar da ke sayen man Rasha ko iskar gas ɗinta ko yuraniyom ɗinta.

Mu tsaya a kan wannan adadin tukuna, don na lura mutane da yawa suna ɗauka wai Rasha ce za ta biya, ko Indiya ce za a aika wa takardar bashi. Ba haka ake yi ba. Ka ɗauka wani kamfani a Amurka ya yi odar zannuwan gado na dala 100 daga Indiya, kwantena ta iso tasha, jami'in kwastam ya duba takarda ya ga ƙasar da kayan suka fito tana cikin jerin, sai ya ce kawo dala 500 kafin kayanka su fita. Kamfanin Amurkan ne zai zaro kuɗin nan, kayan dala 100 sun koma 600 kafin ma a ɗora kuɗin mota da riba. Babu mai hankalin da zai sake yin odar. Kenan abin sunansa haraji ne kawai, amma aikinsa rufe ƙofa, babu ko sisin da zai shiga baitulmali saboda kayan ma ba za su zo ba.

To me ya sa ba a tsaya kan Rasha ita kaɗai ba? Saboda babu sauran abin da za a matsa a wurin. A 2021 Amurka ta sayi kayan Rasha na kusan dala biliyan 30, zuwa 2024 abin ya faɗo zuwa wajen biliyan 3, yawanci takin zamani da wasu ƙarafa masu tsada da yuraniyom. Ko kashi dubu ka sa wa wannan ɗan cinikin ba za a ji a Masko ba. Kuɗin yaƙi daga mai da gas yake fitowa, waɗanda suka kawo wajen kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Rasha a 2023 da 2024, kuma masu sayen man yanzu Chaina ce da Indiya da Turkiyya. Hausawa na zagin wanda ya bar jaki yana dukan taiki, to a nan da gangan aka yi, lissafinsu shi ne in aka daki taikin da kyau jakin ma zai durƙusa. Kuma hanyar Majalisar Ɗinkin Duniya a toshe take tun farko, Rasha na da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, babu ƙudurin takunkumin da zai wuce a kanta tana zaune.

Labarin Indiya ya fi ban sha'awa. Kafin Fabrairun 2022 man Rasha bai kai kashi 2 cikin 100 na ɗanyen man da take shigowa da shi ba, saboda nisa, ga ƙasashen Larabawa a kusa da ita me zai kai ta Baltik. Da Turai ta juya wa man baya sai Rasha ta karya farashi, Indiya kuwa ta buɗe hannu, cikin shekara ɗaya da 'yan kai abin ya haura kashi ɗaya bisa uku. Ga yadda aka riƙa yi: jirgin dakon mai ya yi lodi a tashar ruwan Rasha ta Firimosk ko ta Nobarosisk, ya ratso ya biyo Suwez ya sauke a gaɓar jihar Gujarat ta Indiya, a tace shi a matata irin ta Jamnaga, ya fito a matsayin man dizal, to daga nan a takarda ya zama kayan Indiya, sai a sake lodinsa a kai wa Turawan da suka ce ba sa son man Rasha. Shekaru ana haka kowa ya sani, sai a watan Yulin 2025 Tarayyar Turai ta amince za ta toshe wannan kafar.

Kuma gaskiya, a faɗi abin da ba a cika faɗa ba, da farko Amurkan ce ma take son a riƙa sayen man. Rasha na fitar da wajen ganga miliyan 7 na ɗanye da tatacce kullum, duniya kuma tana shan sama da miliyan 100 kaɗan, in ka zare wannan lokaci guda farashi zai yi tashin gwauron zabi, mai mota a Amurka ya ji a gidan mai, ya huce a kan jam'iyya mai mulki ranar zaɓe. Shi ya sa a Disamban 2022 ƙasashen G7 suka fito da dabarar ƙayyade farashi a dala 60 kowace ganga: ku saya, amma in kun biya sama da haka babu jirginmu babu inshorarmu. Dabarar ta dogara ne da cewa yawancin jiragen ruwan duniya a wajen kamfanonin Yamma suke yankar inshora. Rasha ta amsa da sayen tsofaffin jirage ɗaruruwa, masu su kamfanoni ne na takarda da ba a san fuskar kowa ba, yau tutar wannan ƙasa gobe ta waccan, a tsakiyar teku su kashe na'urar da ke nuna inda suke, su jingina da wani jirgin a juye man, kamar yadda aka sha gani a ruwan kudancin Girka. To ka ga ƙudurin Graham juyin waina ne gaba ɗaya, jiya ana ce maka saya da arha, yau ana ce maka in ka saya ka mutu. Da jami'an Indiya suka riƙa ƙorafin cewa ai ku kuka ƙarfafa mana gwiwa, ba ƙarya suka yi ba.

Sai matsalar da ta fi kowacce, wato Chaina, wadda ita ce babbar mai sayen makamashin Rasha. Amurka ta shigo da kayan Chaina na sama da dala biliyan 400 a 2024, daga waya da kwamfuta har kayan wasan yara da sinadaran haɗa magani. Kuma an riga an gwada ƙaramin abin mun gani. A Afrilun 2025 Donald Trump ya kai harajin kayan Chaina kashi 145, Chaina ta rama da 125 ta kuma matse fitar da ma'adinan nan da ake haɗa maganaɗisun motoci da makamai da su, wata ɗaya kacal aka yi suka haɗu a Janiba aka sauko, Amurka ta koma 30 Chaina ta koma 10. In 145 bai yi wata biyu ba, 500 kwana nawa zai yi? Ni dai ban ga shugaban Amurkan da zai ɗora shi a kan Chaina ya bar shi ba, kuma Chaina ta san haka, Rasha ma ta sani.

Ga kuma abin kunya a cikin gida. Yadda aka rubuta ƙudurin, ƙawayen Amurka ma yana iya hawa kansu, don har a 2025 Turai na sayen iskar gas ɗin Rasha ta jirgin ruwa, Hangari da Sulobakiya na karɓar mai ta bututun Durushba, Turkiyya kuwa 'yar NATO ce kuma tana cikin manyan masu saye. Shi ya sa Graham ya dawo yana maganar a keɓe ƙasashen da ke taimakon Yukren. Mafi ban dariya shi ne yuraniyom, Amurkan da kanta ta daɗe tana samun wajen kashi ɗaya bisa huɗu na tataccen yuraniyom ɗin tashoshin nukiliyarta daga Rasha, ta yi dokar hana shigo da shi a Mayun 2024 amma ta bar wa kanta ƙofar uzuri har ƙarshen 2027 saboda babu madadi a ƙasa. Kai kana saye, kana kuma rubuta dokar hukunta mai saye.

Yanzu mu zo kan ainihin abin da ya riƙe ƙudurin, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, kuma ba Masko ba ce ba Beijin ba ce, rigima ce tsakanin majalisa da fadar White House a kan wa zai riƙe makulli.

Takunkumin Amurka ta hanya biyu yake zuwa. Akwai wanda shugaban ƙasa ke sawa da alƙalaminsa, yana dogaro da wata doka ta 1977 da ake kira IEEPA, wadda ta ba shi dama in ya ayyana dokar ta-ɓaci kan wata barazana daga waje ya daskarar da kadarori ya hana mu'amala. Wani ofishi a ma'aikatar kuɗi mai suna OFAC ne ke riƙe da jerin sunayen. Irin wannan da safe za a iya sa shi da yamma a cire, kuma wanda ya gaji kujerar zai iya soke shi ranar farko. Akwai kuma wanda majalisa ta rubuta ya zama doka, shi kuwa in ya zauna ya zauna, sai wata dokar ce za ta ɗaga shi. Kowane shugaba, ko na wace jam'iyya ne, na farkon yake so, saboda takunkumi a wurinsa kayan ciniki ne, in zai zauna da Putin yana so ya iya cewa yi min kaza in cire maka kaza, kuma ya cika alkawarin ba tare da ya je roƙon sanatoci ba. Majalisa kuma na biyun take so, musamman in ba ta yarda da shugaban ba.

Don haka duk faɗan yana komawa kan 'yan kalmomi ƙalilan. Shin dokar ta ce shugaban ƙasa dole ya sa takunkumin, ko ta ce yana iya sawa? In ta ce dole, an ba shi damar ɗage shi? Na kwana nawa, sau nawa, kuma sai ya nemi izinin majalisa ko sanar da ita kawai zai yi? Rubutun farko na ƙudurin nan ya ba shi damar ɗagewa na kwana 180 in ya ce tsaron ƙasa ya buƙaci haka, fadar shugaban kuwa ta nuna ba ta gamsu ba, tana son wuƙa da nama su zauna a hannunsa. Kuma a nan ne sanata 80 ɗin nan suke rabuwa ba tare da an ji hayaniya ba. In aka bar dole, 'yan Rifablikan ba sa son su kunyata shugabansu, shugaban masu rinjaye John Thune kuma shi ke da ikon kawo ƙuduri zauren ƙuri'a, ba zai kawo abin da Trump bai ce a kawo ba. In aka mayar da shi yana iya, to 'yan Dimokurat za su ce mu kenan mun miƙa wa Trump sabuwar bulalar haraji da zai iya kaɗa wa duk ƙasar da ya ga dama, ba tare da tabbacin zai taɓa Rasha ba. Sa hannu a ƙuduri kyauta ne, ka yi hoto ka ce kana tare da Yukren, ƙuri'a ce ke da tsada.

Wannan tsoron na 'yan Dimokurat yana da tushe. Kundin tsarin mulkin Amurka majalisa ya ba ikon sa haraji, kuma harajin da Trump ya riƙa zubawa a 2025 da sunan IEEPA kotuna sun ce ya wuce gona da iri, har maganar ta kai Kotun Ƙoli aka saurare ta a Nuwamban shekarar. Dokar da ta ce ƙarara ga kashi 500 ka yi amfani da shi in ka so, ai kyauta ce babba ga kowane shugaba. Akwai ma wata 'yar ƙa'ida da ke yawan taɗe irin waɗannan ƙudurori, ita ce duk dokar da ta shafi tara kuɗin shiga dole daga majalisar wakilai za ta faro ba daga dattawa ba, kuma in ana neman uzurin jan ƙafa ga shi nan a shirye.

An taɓa yin wannan wasan a 2017. Lokacin majalisa na zargin Trump zai sassauta wa Rasha, sai ta haɗa Rasha da Iran da Koriya ta Arewa a doka ɗaya, CAATSA, dattawa suka amince da ƙuri'a 98 da 2, wakilai 419 da 3. Ba yadda ya iya, ya sa hannu a farkon Agusta yana ƙorafin cewa dokar cike take da kurakurai kuma ta shiga hurumin shugaban ƙasa. Dokar ta ce duk wanda ya yi babban cinikin makamai da Rasha a hukunta shi. To me ya faru? Turkiyya ta karɓi makaman kariyar sama na S-400 a Yulin 2019, ba a sa mata takunkumin ba sai Disamban 2020, shi ma na shafa mai ne a kan hukumar sayen makamanta. Indiya ta sayi S-400 ɗin nan dai, Trump bai taɓa ta ba, Biden ma bai taɓa ta ba, saboda ana bukatarta a kan Chaina. Doka ta ce dole, amma shugaban ƙasa ne zai yanke ko cinikin ya kai a kira shi babba, in bai yanke ba shikenan, takarda tana nan a ajiye.

Akwai kuma darasin Rusal. A Afrilun 2018 aka sa wa attajirin Rasha Oleg Deripaska da kamfaninsa na alminiyom, wato Rusal, takunkumi, cikin kwanaki farashin alminiyom ya haukace a kasuwar duniya, masana'antun Turai suka fara kuka, sai ga ma'aikatar kuɗin Amurka tana ta ƙara wa'adi tana neman hanyar fita, daga ƙarshe a Janairun 2019 aka cire kamfanin bayan Deripaska ya rage hannun jarinsa a ciki. Sanatoci sun yi yunƙurin hana cirewar suka samu ƙuri'a 57, ana neman 60. Kamfani ɗaya kenan fa, a ƙarfe ɗaya.

In ka tambaye ni wane sashe na irin wannan ƙudurin ne ke cizo da gaske, zan ce na bankuna, wanda ba ya shiga kanun labarai. Kusan duk cinikin da aka yi da dala, ko tsakanin ɗan Dubai da ɗan Mumbai ne, sai kuɗin ya ratsa ta wani banki a Amurka, daga nan kuma dokar Amurka ta hau kansa. A 2014 bankin BNP Paribas na Faransa ya amsa laifin karya takunkumin Sudan da Iran da Kyuba ya biya kusan dala biliyan 9, tun daga ranar duk wani babban banki a duniya ya shafa wa gemunsa ruwa. Ka kwatanta ma'aikaciyar banki a sashen tantance mu'amala, ta zo da safe ta buɗe kwamfuta, ga biyan kuɗi na dala miliyan 40 ya maƙale da jan tuta, saboda sunan jirgin da ya ɗauko kayan ya yi kama da wani a jerin OFAC, ko kamfanin da za a biya wani na jerin yana da rabin hannun jarinsa. Ribar da bankin zai ci a wannan mu'amalar ba ta taka kara ta karya ba, asarar da zai yi in aka yanke shi daga dala kuwa mutuwa ce, to ita ba za ta tsaya dogon bincike ba, mayar da kuɗin za ta yi. Babu sojan da ya zo babu ɗan sandan da ya buga ƙofa. Bayan Biden ya fitar da umarni a Disamban 2023 yana gargaɗin bankunan ƙasashen waje, 'yan kasuwar Rasha sun yi ta kukan cewa bankunan Chaina da Turkiyya na dawo musu da kuɗi ko su riƙe su makonni. Illar wannan tsoron kuma ita ce ba ya tantancewa, mai sayen magani da mai sayen kayan makami duk layi ɗaya ake kora su, an ga haka a Iran duk da cewa a takarda an keɓe magani da abinci.

Tunda an ambaci Iran, ita ce misalin da masu goyon bayan ƙudurin ke so, kuma suna da gaskiya rabi. A Disamban 2011 dattawa suka kaɗa 100 da babu ko ɗaya a kan hukunta duk bankin da ke mu'amala da babban bankin Iran, gwamnatin Obama tana ta roƙon kada a yi, aka yi, man da Iran ke fitarwa ya faɗo daga wajen ganga miliyan 2.5 a rana zuwa kusan miliyan 1, kuma hakan na cikin abin da ya kai ga yarjejeniyar nukiliya ta 2015. Amma duba yadda aka gina waccan dokar. Ba a ce wa Indiya da Chaina da Japan da Koriya ta Kudu ku daina yau ba, cewa aka yi duk wata shida ku nuna kun rage saye sosai sai a ɗaga muku ƙafa, daga baya ma aka ce kuɗin man ya zauna a asusu a ƙasar mai saye Iran ta riƙa sayen kaya da shi a can. Tsani aka ba su su sauko a hankali, kasuwa ta samu lokacin cike giɓi, babu gwamnatin da aka tilasta wa ta durƙusa a gaban jama'arta. Kashi 500 babu tsani a jikinsa, ko ka tsaya a sama ko ka faɗo. Sannan Rasha ta ninka Iran wajen fitar da mai kusan sau uku.

Abin da ya faru a 2025 ya nuna amfanin ƙudurin a rataye ya fi amfaninsa a hannu, aƙalla ga Trump. A tsakiyar Yuli ya ba Rasha wa'adin kwana 50 yana barazanar harajin kashi 100 a kan masu sayen manta, nan take dattawa suka ce to bari mu dakata mu gani. Ya rage wa'adin, sai kuma aka gan shi da Putin a Alaska ranar 15 ga Agusta. A watan ne ya ƙara wa Indiya kashi 25 saboda man Rasha, jimilla ta zama 50, Chaina da ta fi ta saye kuwa ko kallonta ba a yi ba a kan wannan. A Oktoba ya sa wa Rosneft da Lukoil takunkumi, manyan kamfanonin man Rasha biyu. Duk wannan da alƙalaminsa ya yi, bai nemi sabuwar doka ba, kuma kowane mataki shi ya zaɓi wa zai daka da wa zai tsallake. Mutumin da ke da wannan sakewar me zai sa ya yi gaggawar karɓar dokar da za ta ɗaure masa hannu? In kuma ta zo ba ta ɗaure shi ba, to me ta ƙara ban da lamba mai ban tsoro?

Wani ɓangaren da sanatoci ba sa son a tayar shi ne ranar kwancewa. Takunkumi ana sa shi ne don a ce wa mutum canza hali a cire maka, in ya tabbata ko ya canza ba za a cire ba, to ba shi da dalilin canzawa. Iran ta cika nata sharaɗin a ƙarƙashin yarjejeniyar 2015 kamar yadda hukumar nukiliya ta duniya ta sha tabbatarwa, a Mayun 2018 Trump ya fice ya dawo da komai, kuma Masko ta kalli wannan da idonta. Kyuba kuwa tun 1962 take cikin takunkumi, da farko umarnin shugaban ƙasa ne, a 1996 majalisa ta mayar da shi doka da sunan Helms da Burton bayan an harbo wasu ƙananan jirage biyu, shi ya sa ko da Obama ya sake buɗe ofishin jakadanci a 2015 ya je Habana a 2016 ya yi duk abin da zai yi, takunkumin bai iya ɗagawa ba, ba a hannunsa yake ba.

An taɓa rubuta mai kyau dai. A 1986 majalisa ta yi dokar takunkumi kan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, Reagan ya hau kujerar na-ƙi, aka take shi, dattawa 78 da 21. Dokar ta jero sharuɗɗa a fili, a saki Nelson Mandela da fursunonin siyasa, a ɗage dokar ta-ɓaci, a halatta jam'iyyun da aka haramta, a soke manyan dokokin wariya, a zauna tattaunawa. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta san abin da ake nema a wurinta baƙi da fari, da aka cika kuwa George Bush babba ya ɗage takunkumin a Yulin 1991. Kwatanta wannan da sharaɗin ƙin yin sulhu da gaskiya, wa zai auna gaskiyar, da wane ma'auni, in Rasha ta turo wakilai Istanbul suka zauna awa biyu suka amince da musayar fursunoni suka tashi kamar yadda aka yi a Mayun 2025, ta yi sulhu kenan ko ba ta yi ba? Amsar tana wajen mutum ɗaya, shi ne dai shugaban ƙasan da aka ce ana so a ɗaure wa hannu.

Sai kuma tsohuwar dokar Jackson da Vanik ta 1974, wadda aka yi don matsa wa Tarayyar Sobiyet ta bar Yahudawa su yi hijira. Sobiyet ta buɗe ƙofa, Sobiyet ta ruguje a 1991, dokar tana nan, ba a cire Rasha daga cikinta ba sai 2012, shi ma sai da aka musanya ta da dokar Magnitsky, mai hukunta jami'an Rasha da ake zargi da take haƙƙin ɗan'adam, a takarda ɗaya. Kazakistan da Uzbekistan, waɗanda ko ƙasashe ba su zama ba lokacin da aka rubuta ta, har shekarar 2025 suna aiken jakadu majalisa suna roƙon a goge sunansu daga ciki.